Ashe masana kimiyya ma canki-canka suke yi?

Tambaya: Malam, ni ne ɗalibinka da ke koyar da fiziks a wata sakandare a Daura. Kullum ina gaya wa yara cewa in ka san ƙa'ida ka san lambobinka, amsa ɗaya ce tak. Sai wata yarinya ta ce ta ji masu hasashen yanayi da masu binciken ƙwaƙwalwa, har da manyan masana fiziks, duk da lissafin yiwuwa suke aiki, wato "ƙila" da "mai yiwuwa". Ta ce ashe su ma canki-canka suke yi. Na rasa abin ce mata. Ni kaina ban gane yadda lissafi iri ɗaya zai yi wa iska aiki, ya kuma yi wa ƙwaƙwalwa ba.

Amsa: Malam, ka gaishe mini da yarinyar nan, kuma kada ka kashe mata gwiwa, don tambayarta ta fi ta wasu 'yan aji uku na jami'a. Ka ce mata mai canki-canka ba zai iya gaya maka sau nawa zai faɗi ba. Mai lissafin yiwuwa kuwa tun kafin ya yi kuskure yake faɗa maka girman kuskuren, kuma in ya wuce abin da ya faɗa, kana da damar kama shi.

Mu fara daga kasuwa. Ka taɓa tsayawa kusa da dillalin hatsi a Mai'aduwa ko Caranci? Zai soka wa buhu ƙarfe, gero ya zubo masa a tafin hannu, ya hura, ya juya da ɗan yatsa, ya ce wannan akwai tsakuwa, a rage kuɗi. Tiya ɗaya ma ƙwayoyinta dubu ɗaruruwa ne, balle buhu, shi kuwa cikin hannu kawai ya duba. Amma ba wanda zai ce masa ɗan canki-canka. Abin da yake yi yana da hujja a lissafi, wadda aka buga a littafin Jacob Bernoulli a 1713: yawan gwaji yana danne sauyin sa'a. Ka jefa kwabo sau 100, kana sa ran kai ya fito sau 50, kaucewar da aka saba gani kuwa wajen 5 ce. Ka jefa sau 10,000, kaucewar ta zama wajen 50. Lambar ta ƙaru, amma dubi rabonta: da kashi 5 cikin 100 ne, yanzu rabin kashi ɗaya. Jifa ta ninku sau ɗari, kaucewa ta ninku sau goma kacal, domin tana bin saiwar lamba ne, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka wadda ka fara da ita. Riƙe wannan saiwa, za ta yi ta dawowa.

Dillalin ya san wani abu kuma: mai algus yakan zuba mai kyau a sama. Shi ya sa yake sokawa a tsakiya da gindin buhu. Kowane samfurin lissafi yana zaune ne a kan sharaɗi, kuma in sharaɗin ya karye, lissafin zai yi maka ƙarya ido a buɗe.

To, iska fa? Giram 18 na ruwa, kamar cokalin cin abinci ɗaya da 'yan kai, yana ɗauke da ƙwayoyi 6 da sifiri 23 a bayanta. Ba kwamfutar da za ta bi kowace ƙwaya da ƙa'idar Newton, kuma ko da akwai, me za ka yi da amsar? Masana fiziks biyu, Maxwell a 1860, sannan Boltzmann bayansa, suka sauya tambayar. Suka daina cewa ina ƙwaya kaza take, suka koma cewa kashi nawa na ƙwayoyin ke gudu kaza. A cikin ajinka ƙwayoyin iska suna gudun kusan mita 500 a daƙiƙa, suna karo da juna ba tsari. Amma mai faci ya ɗora geji a taya, allurar ta tsaya cak, ba ta rawa. Ƙwayoyin da ke dukan bangon tayar sun yi yawan da kaucewar ta ƙanƙance har ba gejin da zai gan ta. Wato ƙa'idojin zafi da matsin iska da kake koyarwa masu amsa ɗaya tak, 'ya'yan lissafin yiwuwa ne. Yawa ne ya ɓoye "ƙila" ɗin.

Haka maganar entrofi, wato awon yawan cakuɗewar abu. Zuba farar dawa a gefe, ja a gefe cikin ƙwarya, ka girgiza. Za su cakuɗe, kuma ko ka kwana kana girgizawa ba za su koma yadda suke ba. Babu dokar da ta hana su komawa. Hanyoyin cakuɗewa ne suka fi hanyoyin rabuwa yawa, yawan da baki ba zai iya faɗa ba. Wannan fahimtar Boltzmann ce ta 1877, kuma ƙa'idar tana rubuce a jikin kabarinsa a birnin Biyana.

Abin da na fi so in koyar shi ne wanda ya biyo baya. A 1827 wani masanin tsirrai, Robert Brown, ya duba ƙananan ɓurɓushi daga ƙurar fure cikin ruwa ta madubin ƙara girma, ya ga suna ta makyarkyata ba hutu. Ya gwada da garin dutse, shi ma haka, don haka ba rai ne ke motsa su ba. Sai a 1905 Einstein ya kawo lissafin: ƙwayoyin ruwa ne ke dukan ɓurɓushin ta ko'ina, kuma da yake ƙarami ne, dukan hagu da na dama ba sa yin daidai. Jean Perrin ya auna a Faransa daga 1908, lissafin ya fito, har ya ƙirga yawan ƙwayoyin da shi, ya samu kyautar Nobel a 1926. Da wannan aka rufe bakin masu musun cewa akwai ƙwayar zarra. (Kada ka nuna wa yara ƙurar da ke yawo cikin hasken taga da hunturu ka ce ita ce. Wannan kaɗawar iska ce ke wasa da ita. Ni ma na yi shekaru ina ba da misalin kafin in gane na yi kuskure.)

Ga yadda tafiyar take. Ɗaure wa yaro ido a tsakiyar filin folo na Katsina, bayan kowane taku ka juya shi inda ka ga dama. Ba mai iya cewa ga inda zai tsaya. Amma bayan taku 100, nisansa daga inda ya tashi ba zai wuce wajen taku 10 ba a bisa yawanci, bayan taku 10,000 kuma wajen 100. Saiwar nan ce dai. Ma'anarta, irin wannan tafiya tana da sauri a gajeren zango, tana da nawa ƙwarai a dogon zango. Sukarin da ya narke a gindin kofi, in da wannan tafiya kaɗai zai dogara, sai ya yi watanni bai iso sama ba, shi ya sa mai shayi ke ɗaga hannu yana shekawa daga wannan kofi zuwa wancan. Amma ratar da ke tsakanin ƙwayar jijiya da 'yar'uwarta a ƙwaƙwalwa wajen nanomita 20 ce (nanomita ɗaya bisa miliyan ne na milimita), kuma sinadarin saƙo yana tsallake ta da wannan tafiyar makafi cikin abin da bai kai ɗaya bisa dubu na daƙiƙa ba. Tunanin da kake yi yanzu, a kan wannan yake tafiya.

Wancan rashin sani na farko ke nan, wanda yawan ƙwayoyi ke kawowa. Na biyu daban yake, kuma shi ne na masu hasashen yanayi. A 1961 Edward Lorenz yana gwada wani ƙaramin samfurin yanayi a kwamfuta a Amurka. Ya so ya maimaita lissafi daga tsakiya, sai ya shigar da 0.506 maimakon 0.506127, yana ganin ɗan guntun da ya yar ba komai ba ne. Da farko layukan biyu suka tafi tare, can sai suka rabu, kowa ya kama gabansa. A nan ƙa'idar ba ta da "ƙila" ko ɗaya a cikinta, amma tana ninka ƙaramin kuskuren awo har ya cinye amsar. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma a kwana biyu lissafi ya yarda da su. Daga wajen mako biyu ne abin ke kuɓucewa. Dabarar da manyan cibiyoyi suka koma yi tun 1992 ita ce su gudanar da lissafin sau da yawa, na Turai har sau hamsin, kowanne da ɗan sauyi a lambobin farawa. In 35 cikin 50 suka nuna ruwa a Daura ranar Talata, sai a ce kashi 70 cikin 100. Ranar Talata ta zo ba ruwa, ba a kama su da ƙarya ba tukuna. Yadda ake kama su shi ne a tara duk ranakun da suka ce kashi 70, a ƙirga. In ruwa ya sauka a bakwai cikin kowace goma, sun yi gaskiya. In uku ne, sun faɗi. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa farkon kowace shekara, haka ya kamata a karanta shi. Manomin da ke shawarar ko ya yi binne ko ya jira ruwa ya kama sosai, awon nauyin zaɓi yake buƙata, ba wanda zai iya ba shi rana da sa'a.

Na uku ba zan daɗe a kansa ba. A fiziks na kwantam, wato na ƙananan abubuwa irin ƙwayar zarra, tun bayanin Max Born na 1926, ƙa'idar kanta yiwuwa take bayarwa. Ƙwayar kabon-14 guda, ba awon da zai ce ga ranar da za ta ruɓe. Amma tari guda, rabinsa zai ruɓe cikin shekara 5,730, kuma da wannan ake gane shekarun tsohon ƙashi ko gawayi. Ko akwai wani abu a ƙarƙashin wannan yiwuwar, masana suna jayayya har yau. In yaro ya kawo maganar ƙaddara, ni abin da nake cewa a aji shi ne lissafin nan sanin bawa yake aunawa, sauran bayani kuma a tambayi malaman fannin.

Sai ƙwaƙwalwa. Karanta waɗannan: "Na shiga gari." "Na sayo gari." Haruffa huɗu ne iri ɗaya, rubutun boko bai nuna maka karin sauti ko tsawon wasali ba, amma ba ka yi tuntuɓe ba. Na farko birni, na biyu na tuwo. Yanzu ga wannan: "Fari ya yi mana ɓarna." Rashin ruwa ya zo maka a rai, ko ba haka ba? In na ce "Fari sun yi mana ɓarna," sai ka ga tarin ƙwari sun rufe gona. Abin da ido ya kawo bai isa ya yanke hukunci ba, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa shi da abin da ta riga ta sani, ta zaɓi wanda ya fi rinjaye, kai ko labari ba ka da shi. Haka take yi da muryar da ke yankewa a waya, haka take yi da inuwar mutum cikin hazo da magariba. Hermann von Helmholtz ya faɗi wannan tun 1867, cewa gani kintace ne da ake yi ba da saninmu ba.

Lissafin da ke bayyana wannan haɗi shi ne ƙa'idar Thomas Bayes, wadda aka buga a 1763, shekara biyu bayan rasuwarsa. Ga misali na ƙirƙira don a gane. Ƙauye mai mutum 1,000, goma suna da wata cuta. Gwajin asibiti yana kama 9 cikin goman, amma yana yi wa kashi 5 cikin 100 na masu lafiya ƙage, wato kusan mutum 50. Waɗanda gwaji ya nuna suna da ita 59 ke nan, masu ita da gaske 9. Ka ga wanda aka ce masa "an gani", yiwuwar yana da cutar kashi 15 ne kawai cikin 100, sai an sake gwaji. Sabuwar shaida ba ta share abin da aka sani a baya, auna su ake yi tare. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu: idonsa lafiya lau, abin da ya sani a baya ne ya yi nauyi.

An gwada wannan a kan mutane. A 2002 Marc Ernst da Martin Banks suka sa mutane ƙiyasta tsayin wani abu da ido da kuma taɓawa. Da aka dusashe hoton, sai mutanen suka ƙara dogara da yatsunsu, kuma daidai gwargwadon da lissafin ya ce ya kamata. A can ƙasa ma, a matakin jijiya, haka ne. Bernard Katz da abokan aikinsa a Landan, a shekarun 1950, sun auna mahaɗar jijiya da tsokar kwaɗo, suka ga sinadarin saƙo ƙunshi-ƙunshi yake fita. Da suka rage ƙarfin fitar, wani lokaci ƙunshi ɗaya ya fita, wani lokaci biyu, wani lokaci ko ɗaya. Ba a san abin da bugu na gaba zai kawo ba, amma sau nawa za a samu babu, lissafin Poisson, mai ƙirga abin da ke faruwa jefi-jefi, ya faɗa, kuma awo ya gaskata shi. Wannan lissafin dai shi aka gwada a 1898 a kan adadin sojojin Jamus da harbin doki ke kashewa kowace shekara. Ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86 ne a kanka, kowace da irin wannan rashin tabbas, dukansu suna aiki da abin da bai wuce wat 20 ba.

A nan zan ja maka kunne. Cewa halin mutum ya dace da lissafin Bayes a wasu gwaje-gwaje tabbatacce ne. Cewa dukan aikin ƙwaƙwalwa ƙa'ida ɗaya ce ta rage kuskuren hasashe, kamar yadda Karl Friston na Landan ke da'awa, wannan ra'ayi ne mai magoya baya da masu suka. Ni ina cikin masu ɗari-ɗari da shi. Bayanin da duk abin da ya faru zai ce "ai na faɗa", ya koma gidan mai canki-canka, tunda ba ta inda za a kama shi.

Saura tambayarka, me ya haɗa iska da ƙwaƙwalwa. Lissafi bai damu da abin da aka yi abu da shi ba, yadda sassansa ke hulɗa yake kallo. A 1925 Ernst Ising ya buga wani samfuri na maganaɗisu: ƙananan allurai a jere, kowace tana duban sama ko ƙasa, kowace tana son ta bi maƙwabtanta, zafi kuma yana ruɗa su. In zafi ya yi yawa kowa ya bi son ransa, shi ya sa ƙarfe ke rasa maganaɗisunsa a digiri 770. In ya sauka, sai su haɗa kai. A 1982 John Hopfield ya ce a mayar da allurar ƙwayar jijiya, sama ta zama "tana bugawa", ƙasa ta zama "ta yi shiru". Sai ga shi tsarin yana ajiye abu, in ka ba shi guntu ya cika sauran da kansa, kamar in ce maka "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta", bakinka ya ƙarasa. Shi da Geoffrey Hinton, wanda ɗaya daga cikin samfuransa ma sunan Boltzmann aka sa masa, suka karɓi Nobel ta fiziks a 2024. Kafin su, a 2021, an bai wa Klaus Hasselmann, wanda a 1976 ya ɗauki teku a matsayin ɓurɓushin Brown mai nauyi, iska da hadarin kullum kuma su ne ƙwayoyin da ke dukansa. A shekarar ne kuma aka bai wa Giorgio Parisi, wanda tawagarsa ta ɗauki hotunan garken tsuntsaye a sararin birnin Rum, ta gano kowane tsuntsu maƙwabta shida ko bakwai yake lura da su. Duk wanda ya ga jan-baki sun taso wa gonar gero kamar hayaƙi, suna juyawa lokaci ɗaya ba shugaba, ya ga abin da ake nufi.

Sai dai maƙwabtakar nan ita ke karya saiwar da na ce ka riƙe. Sharaɗinta shi ne kowace jifa ba ruwanta da 'yar'uwarta. Kwabo ba ya kwaikwayon kwabo, amma ɗan kasuwa yana kwaikwayon ɗan kasuwa. Jita-jita ta shiga cewa masara za ta yi tsada, kowa ya ɓoye tasa don ya ga na kusa da shi ya ɓoye, sai tsadar ta tabbata. A irin wannan tsari yawa ba ya danne kaucewa, yana iya rura ta, kuma babban lamari yakan faru fiye da yadda lissafin kwabo zai zata. Per Bak da abokansa sun kwatanta shi da tarin yashi a 1987: ana sa ƙwaya ɗai-ɗai, yawanci ba abin da ke faruwa, wata rana ƙwaya ɗaya ta zubar da gefe guda. Abin dariya, da aka gwada da shinkafa a Oslo a 1996, doguwar shinkafa ta bi samfurin, mai ɗan kewaye ta ƙi. Ina son wannan labari don yana hana ɗalibi ɗaukar samfuri kamar saukakken abu.

In kana son yarinyar ta gani da idonta, ga darasi na awa ɗaya. Nemo tsofaffin kwabbai, ko da na naira ɗaya ne da aka daina karɓa. Raba ajin biyu ka fita waje. Rabi kowa ya jefa sau 100 ya rubuta K (kai) ko B (baya) a jere, ɗaya rabin kuma kowa ya ƙirƙiro jerin 100 daga kansa, yadda yake ganin kwabo zai yi. Su yi wa takardun alamar da ba ka sani ba, su cakuɗa. Da ka dawo, nemi inda harafi ɗaya ya zo sau shida ko fiye a jere. A jifa ta gaskiya, wajen takarda takwas cikin goma za ka samu haka. Masu ƙirƙira kuwa da sun rubuta K uku ko huɗu sai hannunsu ya ƙi, su sa B, don a ganinsu ya yi yawa. Za ka ware mafi yawan takardun daidai, za ka kuma kuskure kaɗan, saboda haka tun kafin ka fara ka rubuta a allo guda nawa kake sa ran kuskurewa. Daga nan ku tara na gaskiyar wuri ɗaya. Na kowane yaro zai faɗa tsakanin 40 da 60 galibi, jimillar yara 20 kuwa, jifa 2,000 ke nan, da wuya ta fita daga tsakanin kashi 47 da 53. Ita yarinyar ka ba ta alli ta yi jimillar.